Darasi na 9: Ɗinkin riga mai maɓalli a gaba

Assalamu alaikum iyayena da yayyena da ƙannena 'yan ajin yamma. Darasin yau karatu ne da lissafi da ɗinki duk a haɗe, dan haka kowa ta ajiye biro da littafi kusa da almakashinta. Wacce karatunta bai nuna ba tukuna ta sa 'yarta ko jikarta ta karanta mata sau ɗaya ita kuma tana bi da yatsa, amma lambobin kam kar ki bari wani ya rubuta miki, da hannunki zaki rubuta.

Rigar nan kowa tana buƙatarta. Mai goyo da jariri ya tsala kuka a Harami ko a mota hanyar Madina, maɓalli biyu kawai zata ɓalle a cikin abaya shikenan. Tsohuwa mai ciwon kafaɗa da ɗaga hannu ke ba ta wuya, sai dai ta zura kawai, ba ruwanta da neman mai ja mata zif ta baya. Ga shi kuma tun rusau ɗin 2022 da ya taɓa su Karantina da Sabil da Gulel aka watsu a garin Jidda, telar da kika saba da ita ta koma wata unguwa can nesa, mashgal kuma, wato shagon ɗinkin mata, kun san kuɗin da suke yanka wa mutum.

Sai dai in faɗa muku gaskiya rigar nan ba ta rufa asiri. Buba ko doguwar riga mai faɗi in kin kauce da santi ɗaya ba mai ganewa, wannan kuwa tun daga nesa za a hango bakinta ya karkace ko ƙirji ya buɗe tsakanin maɓalli da maɓalli. Kuma duk matsalar daga wuri ɗaya take fitowa, layin tsakiyar gaba, wato layin da ya sauko daga maƙoshi ya bi ta cibiya. Shi ne alƙiblar rigar, a kansa maɓallai suke zama, in kin ɓatar da shi komai ya ɓace.

Awo

Ki sa rigar maman da zaki riƙa sawa da rigar sannan a auna ki, kar ki auna kanki da kanki, kuma kar ki riƙe numfashi wai dan lambar ta ragu. Tef ya zagaya ta inda ƙirji ya fi tudu, a kwance daidai gaba da baya. Sai ƙugu, sai mazaunai, kafaɗa, tsawon hannu, tsawon riga. Akwai ɗaya da mutane suke mantawa, daga kan kafaɗa gefen wuya zuwa tudun ƙirji, ki rubuta shi daban ki zagaye shi da biro zamu dawo kansa.

Wata dattijuwa a aji ta ce min, "Malama ni fa da inci na saba tun a Kano, wannan santin naku ruɗa ni yake." Na ce Inna juya tef ɗinki, ɗaya gefen santi ne, kuma inci 1 santi 2 da rabi ne da ɗan ɗigo, yadi 1 kuma santi 91 da 'yan kai, bai kai mita ba. Tunda a nan da mita ake yanka mana a kasuwa, fatan ɗin da muke samu ma, wato zanen sassan riga a takarda da ake ɗorawa a yanka yadi, da santi suke zuwa, gara mu bi santi kawai kar a haɗa biyu a riga ɗaya.

Takardar fatan

Wata daga mujallar Burda ta Jamus take kwafa, wata daga intanet take saukewa ta kai kirtasiyya, shagon kayan rubutu, a buga mata a takardar A4 ta manna, wata kuma namu na aji zata kwafa. Duk ɗaya ne amma ki kula da abu uku. In bugawa za a yi ki ce wa mai shagon ya buga 100 bisa 100 kar ya rage kar ya ƙara, akwai ɗan akwati da ake zanawa a shafin farko an rubuta girmansa, ki ɗora tef ki gani in bai yi daidai ba a sake bugawa. Sannan kar ki zaɓi lamba da lambar rigar kanti da kike saya, da awon ƙirjinki zaki zaɓa, a Burda lamba 40 ƙirji 92 ne, 42 ƙirji 96, 44 ƙirji 100. Na ukun shi ne fatan ɗin cikin mujallar babu alawus ɗin ɗinki a jikinsa, ke zaki ƙara santi 1 da rabi a kowane gefe, 3 ko 4 a ƙasa dan kalmasa. Na intanet da yawa sun riga sun sa, sai ki karanta ki tabbatar.

Wajen kwafa dan Allah a bar jarida, jaridun ƙasar nan da wuya ki buɗe shafi babu sunan Allah ko aya, ga shi a ƙasa muke shimfiɗawa muna takawa. Takardar gashin kek ta fi, ana ganin layi ta cikinta kuma kowace bagala, wato kantin unguwa, akwai. Ki kwafi komai, kibiyar da ke nuna tsayen yadi, dat wato ɗan ninkin da ake ɗinkewa ya ba ƙirji wuri, 'yan tsagogin gefe, da shi layin tsakiyar gaban, ki rubuta masa suna da hannunki.

Ga lissafin da zaki gwada fatan da shi. Mu ce ƙirjinki 96. Riga mai maɓalli tana son sakewa, ki ƙara 8, ya zama 104. Ki raba 4, ya ba ki 26. Toh daga layin tsakiya zuwa gefen hammata ya kamata ki samu kusan 26 a ɓarin gaba ɗaya. In kin samu 24 rigar zata matse, maɓallai su yi ta ja, ki koma lamba ta gaba.

Yadi

A zafin Jidda da gumin nan nata auduga ko lilin ko biskos sun fi, foliyesta tana da sheƙi a shago amma a jiki wanka zaki yi da zufa. Mai koyo ta fara da auduga mara santsi. In kin shiga Bab Sharif ko Balad, ko Utaibiyya ga 'yan Makka, ki tambayi faɗin yadin kafin farashi. Mai faɗin 150, tsawon riga da tsawon hannu ki haɗa ki ƙara 30, misali 70 da 58 da 30 ya zama 158, ki sayi mita 2 saura kwata. Mai faɗin 110 ko atamfar da aka kawo miki tsaraba daga gida, tsawon rigar sau biyu zaki lissafa. Ki sayo fazlin mara nauyi rabin mita, wanda a gida muke ce wa gam, da maɓallai ki ƙara biyu a kan buƙata.

Ki jiƙa yadin ki shanya ki goge kafin almakashi ya taɓa shi. Auduga da biskos suna shiga in sun sha ruwa, gara su shige tun suna yadi.

Yanka

Ki ninka yadi baki da baki, kibiyar fatan ta bi tsawon yadin, ki auna daga kan kibiya zuwa baki, daga gindinta zuwa baki, lambar ta zo ɗaya. Baya a kan ninki ake ɗora shi ya fito guda. Gaba kuwa guda biyu ne, dama da hagu, kuma nan ne zamu daɗe.

In fatan ɗinki ya tsaya ne a layin tsakiya, ke zaki ƙara bakin gaba. Muna son baki mai faɗin santi 3. Daga layin tsakiya ki fita 1 da rabi ki ja layi, nan ne ninkin farko. Ki ƙara 3 ki ja wani layin. Ki ƙara 1 na lanƙwasawa ciki. Nawa kenan? 5 da rabi. Kinga ɓarin gaba ɗaya ya zama 26 da 5 da rabi da 1 da rabi na gefe, 33 cif. Dalilin 1 da rabin farkon shi ne in dama ta hau hagu layin tsakiyar wannan ya kwanta a kan na wancan daidai, in babu shi to daga jikin rigar zaki ci, santi 3 sun tafi a ƙirji ba ki sani ba.

Alli yana gogewa da guga da gumin hannu, dan haka da kin yanka, kafin ki ɗaga komai, ki ɗau allura da zare mai launi daban ki bi layin tsakiyar da manyan taku daga wuya har ƙasa, duka ɓari biyun. Zaren nan ba zai fita ba sai an ɗaura maɓalli na ƙarshe. Mai atamfa mai manyan zane kuma ta yanka gaban ɗaya bayan ɗaya ba a ninke ba, ta daidaita furen a kan layin nan, in ba haka ba rabin fure yana sama rabi yana ƙasa.

Haɗawa

Dat ne farko, kuma tsininsa ya tsaya kamar santi 2 da rabi kafin tudun ƙirji, ki ƙulle zaren da hannu kar ki koma baya da keke a tsinin, ki goge shi ya kalli ƙasa. Sai fazlin, ki yanko mai faɗin 3, gefen mai ƙaiƙayi ya kalli bayan yadi tsakanin layuka biyun nan, ki ɗora ƙyalle ki danna dutsen guga ki ɗaga ki danna, ba a jan shi. Kar ki ce zaki tsallake fazlin dan sauri, shi ke hana gidan maɓalli yagewa. Ki ninka, ki goge, ki bi da keke, duka ɓarin biyu daga sama zuwa ƙasa. Allura lamba 80 ta ishi auduga, 70 ga yadi mai laushi.

Kafaɗa, wuya ko kwala, hannu, gefe, duk mun yi su a darussan baya, ku duba littafinku. Kafin kalmasa dai ki ɗora dama a kan hagu ki ga tsawonsu ɗaya ne.

Gidan maɓalli

Na mata dama ke hawa hagu, gidajen suna ɓarin dama maɓallai suna hagu, na maza akasin haka. Ki sa rigar ki kama gaban da fil zare a kan zare, ki tsaya gaban madubi, ki sa alama daidai tudun ƙirji, ki duba ta yi daidai da awon nan da kika zagaye. Wannan shi ne maɓallin farko da ake sa wa alama, ba na wuya ba. Yawancin rigunan da kike gani suna buɗe baki a ƙirji daga sama aka fara jera musu maɓalli, sai tudun ya faɗo tsakanin biyu. Na sama ya zauna santi 1 da rabi ƙasa da bakin wuya. Ki auna tsakaninsu, in 18 ne ki raba biyu, 9, to 9 zaki yi ta bi har ƙasa. Mai cikar ƙirji ta raba uku ya zama 6, ko ta ɓoye ɗan kabsun, wato maɓallin dannawa, a tsakani. In doguwar riga ce ni dai shawarata daga cinya zuwa ƙasa a ɗinke bakin gaba ɗaya a jera maɓallan ado a kai, ya fi sutura in an zauna.

Tsawon gida shi ne faɗin maɓalli a ƙara milimita 3, maɓalli mai 1 da rabi gidansa santi 1 da milimita 8, mai kauri ko mai tudu a ƙara masa kaɗan. A tsaye za su kasance a kan layin tsakiya. Ki fara gwadawa a ƙyallen da ya rage, ninki biyu da fazlin a ciki kamar na gaske, ki tura maɓallin ki gani.

Mai Brother ko Janome ko Singer na lantarki keken zai yi mata, ɗinki farko yanka daga baya, kuma kafin ki tsaga ki soke fil a gicciye a ƙarshen gidan ya tare wuƙar, in ba haka ba hannu ɗaya zai zarce ya raba miki gaban riga. Mai baƙin keke Butterfly miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, sai ta yi da hannu, ta tsaga ɗaya ta bi bakinsa da zare ninki biyu taku kusa da kusa tana ƙullewa, ta gama sannan ta tsaga na gaba. Ko a aika yaro wurin telolin jallabiyar maza, da yawansu suna da injin gidan maɓalli, amma ki zana wa telan kowane gida da alli ƙarara a ɓarin dama, domin hannunsa ya saba da hagu.

Maɓalli shi ne ƙarshe. Ki rufe rigar a shimfiɗe zare kan zare, ki soka fil ta cikin kowane gida milimita 3 daga samansa, inda ya taɓa ɓarin hagu nan ne wurin. Ki ɗora tsinken ashana a kan maɓallin ki ɗinka ta kansa, ki zare tsinken ki naɗe zaren ta ƙasa sau biyar ko shida ya yi ɗan wuya, sai ya samu wurin da ɗaya ɓarin zai kwanta ba tare da tattarewa ba. Yanzu ki cire zaren alamar ki goge.

Aikin gida

Kowa ta rubuto awonta guda bakwai da lambobi. Ta lissafo faɗin ɓarin gaba na mai ƙirji 104 da baki mai santi 3, da mita nawa zata saya in rigar 75 ce hannu 60 a yadi mai faɗin 150. Sannan ta zo da ƙyalle mai gidan maɓalli uku da maɓallansu a ɗaure, wacce ba ta da fazlin ta yi min magana bayan aji akwai ragowa a wurina.