Darasi na 9: Ɗaukar mai yi maka talla a Facebook da WhatsApp

Mai kilishi ko mai takalman fata a kasuwar Dole ta Damagaram yana iya samun mai saye daga Agadas ko Yamai yana zaune a rumfarsa, in dai hoton kayansa ya shiga salular mutane. Sai dai ɗaukar hoto mai kyau da saita talla sana'a ce ta daban, shi ya sa ake ɗaukar wanda ya iya a biya shi.

Kafin ku yi ciniki, ka ce ya buɗe salularsa a gabanka, ya nuna maka shafin Facebook 2 ko 3 da ya riƙe wa wasu ƴan kasuwa. Kar yawan mabiya ya ruɗe ka, ana sayen na bogi. Duba ƙasan hotunan. Akwai masu tambaya "nawa ne?" ko "ina shagon yake?" An ba su amsa? Daga nan ka nemi ɗaya daga cikin masu shagunan, ka ji daga bakinsa.

Kuɗin kashi biyu ne, kuma a nan rigima ta fi tashi. Akwai ladan aikinsa, akwai kuɗin talla da ke tafiya wurin kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp. Na biyun galibi da katin banki ake biyan sa. In ka dunƙule su ka miƙa masa, ba za ka taɓa sanin nawa ya shiga talla, nawa ya shiga aljihu ba. Duk tallar da aka biya tana da shafin lissafi mai nuna kuɗin da aka kashe, da yawan waɗanda suka gani, da waɗanda suka aiko saƙo. Ka ce a nuna maka shi kowane mako, ido da ido, ba hoton da aka turo ba.

Sai maganar makulli. A buɗe shafin da sunanka, da lambarka, kai ne mai cikakken iko. Shi kuwa a ba shi izinin sa hoto da saita talla kawai. In aka buɗe da lambarsa, ranar da kuka ɓata zai tafi da shafin da masu sayenka duka. Haka nan lambar sirri mai lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa ta saƙo: duk wanda ka karanta wa ita zai iya ɗauke WhatsApp ɗinka zuwa tasa salular. Ko ya ce "Alhaji, don in saita maka ne", kawo salularka ya saita kana gani.

Ku rubuta yarjejeniya a takarda gaban shaida: hoto ko bidiyo nawa a mako, garuruwan da tallar za ta kai, wa zai amsa saƙo, da ranar biya. A fara da wata 1. A yi tallar da Hausa, a sa murya, don masu saye da yawa sun fi sauraro a kan karatu. In ba ka da hanyar aika kaya waje, a tsayar da tallar a Damagaram da kewaye, kamar Mirriya. Kuma wanda ya aiko saƙo da hantsi bai ji amsa ba sai bayan isha'i, ya riga ya saya a wani wuri.

Duk wanda ya zo saye, tambaye shi inda ya ji labarinka, ka ja layi a littafi.

Aikin aji: mai kilishi ya kashe jikka 2 (sefa 2,000) kullum a talla har kwana 7, ya biya ladan aiki jikka 10. Ribarsa a kowane ƙunshi sefa 500 ce. Ƙunshi nawa zai sayar kafin kuɗinsa su dawo?