Kurakuran da ake yi wajen zaɓen yaren kwamfuta a zamanin AI

Tun da GitHub Copilot, mataimakin AI mai rubuta wa mutum kod, ya fito a 2021, ChatGPT kuma ya biyo baya a ƙarshen 2022, wasu ke cewa zaɓen yaren kwamfuta ya zama tsohon yayi, wai Turanci kaɗai ya wadatar. Babban kuskuren ke nan, kuma ba yau aka fara wannan buri ba. A 1959 aka tsara yaren COBOL ya yi kama da Turanci don manajoji su iya karantawa, amma har gobe ƙwararru ne ke fama da shi a bankuna. Maganar baki harshen damo gare ta. Ka ce wa AI ya cire kuɗi daga asusu, ba ka faɗa masa abin da zai yi in kuɗin bai kai ba, sai ya yi maka shaci-faɗi. Gyaran shi ne ka rubuta sharuɗɗan a cikin kod ɗin kansa, tare da gwaje-gwaje.

Daga nan sai son yare mai gajeren rubutu. Da can akwai hujja, tunda yatsunka ne ke wahala. Yanzu na'ura ke bugawa, aikinka karatu da tantancewa, don haka yaren da ke tilasta bayyana nau'in kowane bayani, lamba ne ko rubutu, ya fi amfani. A JavaScript, in ka haɗa "5" da 1 sai ka samu "51", babu ko gargaɗi. TypeScript, wanda Microsoft ta fitar a 2012, zai tsayar da kai in ka tura rubutu inda aka ce lamba ake so. Masu Python ma suna da alamomin nau'i tun sigar 3.5 ta 2015. Ka sa su, ka bi da mypy, manhajar da ke tantance su.

Abin haushin shi ne, da kwamfaila, manhajar da ke duba kod ta fassara shi, ta yi ƙorafi, sai AI ya toshe mata baki da `any` a TypeScript (wato kowane nau'i ya wuce) ko `unwrap()` a Rust (wato a ɗauka ba za a samu kuskure ba), mai aikin kuma ya yi murna wai jan layin da ke nuna kuskure ya ɓace. Ka kunna `strict`, tsarin tsaurara bincike na TypeScript, ka mayar wa AI da saƙon kuskuren, ka ce ya gyara tushen matsalar.

Kada kuma ka sauke laburaren da AI ya ambata, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta, ido rufe. Yakan ƙirƙiro sunan da babu shi, ɓata-gari kuma na iya yi wa sunan rajista su cusa mugun kod a ciki. Duba npm ko PyPI, rumbunan laburaren JavaScript da na Python, tukuna. Ka faɗa masa sigar da kake aiki da ita ma, domin an daina kula da Python 2 tun Janairun 2020, amma misalansa na nan jibge a intanet inda AI ya yi koyo.