Yadda Za Ka Koyar a Makarantar Lahadi Yara Su Bi Ka da Zuciya Ɗaya

Yawancinmu malaman makarantar Lahadi muna shiga aji da jagorar darasi, mu karanta ta daga farko har ƙarshe, sannan mu tambaya, "Kun gane?" Yara su amsa baki ɗaya, "E, Malam!" Mako na zagayowa babu wanda ya tuna ko sunan labarin. Laifin ba na yaran ba ne. Ga hanyar da ta fi, bari mu gwada ta da misalin mai shuka, Markus 4:1-20.

Da farko, ka fara shiri tun tsakiyar mako. Karanta nassin a natse, ka yi addu'a kana kiran yaran da sunayensu, ka zaɓi gaskiya guda ɗaya tak da kake so su tafi da ita gida.

Na biyu, ka zo da abin da za su taɓa. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali Yesu da kansa haka ya yi: da aka tambaye shi zancen haraji, cewa ya yi a kawo masa dinari, da almajirai suka tambayi wa ya fi girma kuwa, ƙaramin yaro ya tsayar a tsakiyarsu. To, ɗebo gero a kwano, ka fitar da su harabar majami'a. Kowa ya dumbuza ya watsa: wani a hanyar da ƙafa ta daddale, wani kan tsakuwa, wani cikin ƙaya, wani a ƙasa mai taushi. In kaji suka zo suna tsattsagar na kan hanya, kada ka kore su, sun yi maka rabin aikin.

Na uku, ba da labarin da baki, ka tsaya kafin fassararsa. Tambaye su, "Wanne ne zai yi zangarniya? Don me?" Sai ka yi shiru, ka daure. 'Ya'yan manoma sun san amsar, kuma wanda ya gano ta da kansa ba ya mantawa. Kada ka tsaya ga masu saurin ɗaga hannu. Kira yarinyar nan ta baya mai goyon ƙaninta. In Hausa ta yi wa yaro nauyi, bar shi ya faɗa da Tangale ko Bura ko harshen gidansu, wani ya fassara.

Na huɗu, ayar haddacewa. Markus 4:8 ta isa, mai zancen riɓi 30 da 60 da 100. Ku sa mata murya, ku rera da tafi.

Mai ƙiriniya fa? Ajiye bulala. A Markus 10 almajiran da suka tsawata wa masu kawo yara wurinsa ne Yesu ya ji haushinsu. Ba shi aiki: ya riƙe kwanon, ko ya zama mai shukar.

A ƙarshe, ku shuka 'yan ƙwayoyi a gwangwani, yaro ɗaya ya tafi da shi ya riƙa ba shi ruwa. Ka ce kowa ya ba wa mahaifiyarsa ko kakarsa labarin yau, kuma Lahadi mai zuwa ka fara aji da jin abin da aka ce musu a gida.