Yadda Ake Shiga Sahun Masoya Ƙungiyoyin Aidoru na Japan

A Japan akwai wani rukunin mawaƙa da ake kira aidoru, wato matasa, mata ko maza, waɗanda kamfani yake ɗauka tun suna sabon shiga, ya haɗa su ƙungiya, ya koya musu waƙa da rawa da iya zance a gaban jama'a, sannan ya fito da su dandali tun ba su gama ƙwarewa ba. Da gangan ake yin haka, domin hajar da ake tallata wa mai kallo ita ce damar ganin yarinyar da bana take kuskuren taku a layin baya ta zama wadda ke tsaye a tsakiyar dandali bayan shekara uku ko huɗu, yana kuma jin cewa da goyon bayansa ta kai can. Wanda ya shigo neman zaƙin murya kaɗai yakan gaji da wuri, wanda kuwa ya gane cewa labarin tasowar mutum ake bi yakan daɗe, wani lokaci har ya zarce abin da aljihunsa zai iya ɗauka.

Matakin farko shi ne a san gidajen da ake da su, a zaɓi guda ɗaya. AKB48, wadda furodusa Akimoto Yasushi ya kafa a 2005, ta fara ne a wani ɗan ƙaramin zauren wasa mai ɗaukar mutum kusan 250 a hawa na takwas na kantin Don Quijote da ke unguwar Akihabara a Tokyo, kuma manufarta tun ranar farko ita ce samar da mawaƙan da masoyi zai iya zuwa ya gani ido da ido kusan kullum. Daga ita aka tsiro da ƙannenta a wasu birane, irin su SKE48 a Nagoya a 2008, da NMB48 a Osaka a 2010, da HKT48 a Fukuoka a 2011, har da JKT48 a Jakarta ta Indonesiya. Shi Akimoton ne kuma ke bayan Nogizaka46, wadda aka kafa a 2011 a matsayin kishiyar AKB48, ta kuma yi suna da dogayen riguna da salo mai natsuwa. Wanda ya fi son ganin ƙwarewar rera waƙa kai tsaye da rawa mai wuyar jeri, sai ya leƙa Morning Musume, wadda ta fito tun 1997 a hannun furodusa Tsunku, da sauran ƙungiyoyin gidan Hello! Project. A ɓangaren maza akwai Snow Man da SixTONES, waɗanda suka fitar da faifansu na farko a Janairun 2020. Shawarata ita ce a tsaya kan ƙungiya ɗaya a watannin farko, a fara kuma da wadda ke da tashar YouTube ta hukuma mai cike da bidiyo, domin AKB48 kaɗai an yi lokacin da membobinta suka haura 100, kuma wanda ya ce zai haddace kowa a lokaci guda ba zai riƙe sunan kowa ba.

Mataki na biyu shi ne zaɓen oshi, wato memba guda da mutum zai mara wa baya fiye da sauran. A nan ne sababbin shiga suka fi yin gaggawa, su ɗauki wadda suka ga an fi haskawa a bidiyon waƙa, alhali bidiyon waƙa ba ya nuna hali. Halin memba yana fitowa ne a shirye-shiryen barkwanci na talabijin da manyan ƙungiyoyi ke yi mako-mako, da rubuce-rubucenta na yau da kullum, da hirar kai tsaye a manhajar Showroom, inda za a ga wadda ke da saurin ba da amsa, da mai kunya, da wadda aka sha tsallakewa amma ta ƙi karaya. A ba abin wata ɗaya ko biyu ana kallo. Wasu masoyan sukan ce su 'yan hako-oshi ne, ma'ana ƙungiyar gaba ɗaya suke so, kuma babu laifi a hakan. Amma wanda ke sauya oshi duk mako, wanda ake yi wa laƙabi da DD, yakan sha zolaya a wajen tsofaffin hannu. Mai bibiya daga Najeriya ko Nijar ya tuna cewa agogon Japan yana gaban namu da awa 8, saboda haka hirar ƙarfe 9 na dare a Tokyo za ta same shi da ƙarfe 1 na rana.

Bayan an sami oshi, sai a koyi matakalar da take hawa, domin sai da ita ake gane dalilin murna da kukan masoya. Sabuwar memba takan fara a matsayin kenkyusei, mai koyo, kuma ana lissafa kowa da zubin da aka ɗauke shi, zubi na ɗaya, na biyu, har gaba. Duk lokacin da za a fitar da sabon faifai, kamfani yakan zaɓi 'yan kaɗan, sau da yawa 16 a AKB48, su rera babbar waƙar. Wannan zaɓaɓɓen rukuni shi ne senbatsu, wadda aka tsayar a tsakiyar layin gaba kuwa ita ce senta. Ranar sanar da senbatsu kamar ranar fitar da sunayen 'yan wasan da za su buga gasar ƙwallo take ga magoya baya, wani na tsalle wani na zargin koci da son kai. Daga 2009 zuwa 2018 AKB48 ta riƙa miƙa wannan zaɓe ga masoya sau ɗaya a shekara, ta hanyar saka takardar ƙuri'a a cikin faifai. Maeda Atsuko ce ta lashe na farko, Sashihara Rino kuwa ta lashe sau huɗu, a 2013 da 2015 da 2016 da 2017, inda a na ƙarshen ta sami ƙuri'a fiye da 240,000. An daina wannan zaɓe, amma tunanin da ya haifar, cewa yawan sayayya ne ma'aunin ƙauna, yana nan daram.

Wannan ya kawo mu mataki na huɗu, wanda ya fi kowane muhimmanci: a yanke iyakar kuɗin da za a kashe a wata tun kafin a sayi komai. Tsarin kasuwar an gina shi ne don mutum ɗaya ya sayi abu ɗaya sau da yawa. Waƙa guda takan fito a bugu uku ko huɗu, kowanne da bangonsa da ƙarin waƙarsa da hoton memba da ba a san wanda za a samu ba sai an buɗe leda, sannan a cikin faifan akwai tikitin ganawa da memba. Tikiti ɗaya 'yan daƙiƙoƙi yake saya, don haka mai son hirar minti guda sai ya tara tikiti da dama, kuma ta haka ne ake samun masoyi da kwali cike da faifai iri ɗaya wanda ko saurara ba zai yi ba. Wannan sayayya ita ke ɗaga ƙungiya a jadawalin cinikin faifai na Oricon, ita kuma kamfani ke dubawa ya san membar da ke jawo kuɗi, shi ya sa masoyi yake jin kamar idan bai saya ba ya ci amanar oshi ɗinsa. A gani na wannan jin shi ne tarkon. Wanda ke zaune a wajen Japan ma yana da ƙarin nauyi, domin kuɗin jigila daga shaguna irin su CDJapan ko kamfanonin da ke saya a madadin mutum irin su Buyee yakan kai kuɗin kayan ko ya fi, ga kuma tsadar canji. Hanya mafi sauƙi ita ce sauraron waƙoƙi ta manhajojin da ke biyan masu haƙƙi, da kallon tashar hukuma, da sayen tikitin kallon wasa ta intanet idan an buɗe wa 'yan waje, sannan a ware faifai ko littafin hotuna ga lokaci na musamman, kamar ranar da oshi ta fara shiga senbatsu.

Idan hali ya yi har za a je Japan kallo, to a fara shirin tikiti watanni kafin tafiya. Tikitin manyan ƙungiyoyi ba a cika samunsa da rige-rige ba, ƙuri'a ake jefawa tsakanin waɗanda suka nema, kuma 'yan ƙungiyar masoya ta hukuma ake fara ba dama, ita kuwa rajistarta sau da yawa tana neman adireshi da lambar waya na Japan. Kada a sayi tikiti a hannun 'yan bumburutu, domin ana duba katin shaida a ƙofa a wurare da yawa, kuma tun Yunin 2019 doka ta haramta sayar da irin wannan tikiti sama da farashinsa, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai yen miliyan 1. Baƙo zai fi samun sauƙi a bikin Tokyo Idol Festival, wanda aka fara a 2010 ake kuma yi a Odaiba yawanci a farkon Agusta, inda ƙungiyoyi manya da ƙanana ke hawa dandali daban-daban, ko kuma a ƙananan zaurukan chika aidoru, waɗanda ba su kai ga talabijin ba, inda bayan wasa ake biyan kuɗi a ɗauki hoton nan-take da ake kira cheki tare da memba, ta sa hannu a gefensa.

A cikin zaure akwai ladubba. Ana zuwa da sandar haske mai sauya launi a kunna launin oshi, da tawul mai ɗauke da sunanta. Masoyan ƙungiyoyin maza kuma sukan riƙe mahuci mai hoton fuska, wanda ƙa'ida ta ce kada ya wuce tsayin ƙirji don kada a tare wa na baya. Da zarar kiɗan buɗe waƙa ya tashi, dubban maza da mata sukan haɗa baki su yi wani kirari da ake kira mikkusu, suna cewa taiga, faiya, saiba, faiba, daiba, baiba, jaja, sannan su kira sunan duk membar da ta karɓi baiti. Sabon shiga ya saurara a waƙa biyu ko uku kafin ya sa baki, domin akwai waƙoƙin da shiru ake yi musu. Ɗaukar hoto ko bidiyo haramun ne sai an ba da izini a fili, kuma ana fitar da wanda aka kama.

Taron musabaha, akushukai, shi ma da tsarinsa. Ana bin layi, a ajiye jaka, a buɗe tafin hannu ma'aikaci ya duba, sannan a shiga. Kafin mutum ya gama sallama wani ma'aikacin ya dafa kafaɗarsa alamar lokaci ya cika. An tsaurara binciken ne bayan watan Mayun 2014, lokacin da wani mutum ya kai hari da zarto a irin wannan taro a lardin Iwate, ya raunata membobin AKB48 biyu da ma'aikaci ɗaya. A shirya jimla ɗaya gajera da Japananci tun daga gida, godiya ko yabon wani wasa da ta yi, a bar tambaya kan gidansu ko jikinta. Tun annobar korona a 2020 ƙungiyoyi da dama suka ƙara ganawa ta bidiyo a waya, wadda ta fi dacewa da duk wanda addininsa ko al'adarsa ba su yarda masa musabaha da wadda ba muharramarsa ba.

Mataki na gaba shi ne a san ɓangaren harkar mara daɗi, a kuma ƙi zama cikin masu ƙara masa ƙarfi. Yawancin kamfanoni suna sa ran memba ba za ta yi soyayya ba, ko an rubuta a kwantiragi ko ba a rubuta ba, kuma a farkon 2013 duniya ta ga bidiyon Minegishi Minami ta AKB48 ta aske kanta tana kuka tana neman gafara bayan wata mujalla ta buga labarin alaƙarta da wani saurayi. A Satumbar 2023 kuma kamfanin Johnny & Associates, wanda ya fito da ƙungiyoyin maza irin su SMAP da Arashi, ya amsa cewa wanda ya kafa shi, Johnny Kitagawa, da ya mutu a 2019, ya shafe shekaru yana lalata da yara maza da ke ƙarƙashinsa; daga baya aka sauya wa kamfanin suna zuwa Smile-Up, mawaƙan suka koma Starto Entertainment. Abin da ke hannun masoyi shi ne kada ya yaɗa hotunan leƙen asiri, kada ya nemi sanin inda memba ke zaune, kada kuma ya shiga ayarin masu zagi idan labarin soyayyarta ko aurenta ya fito. Murmushin da ta yi masa a layi aikinta ne, ko da da zuciya ɗaya ta yi shi, kuma kuɗin faifai ba su sayi rayuwarta ta bayan dandali ba.

Daga ƙarshe a shirya wa ranar da oshi za ta bar ƙungiya, abin da ake kira sotsugyo, wato yayewa, domin babu wadda ke dawwama. Ana sanarwa ne makonni ko watanni kafin lokacin, a yi ganawa ta ƙarshe da masoya, manyan membobi kuma a shirya musu wasan ban kwana, kamar yadda Maeda Atsuko ta yi a Agustan 2012 bayan kwana uku na wasa a Tokyo Dome, ta koma harkar fim. Idan za a kashe kuɗi fiye da na kullum, wannan ne lokacin da ya cancanta, shi ya sa yake da kyau a riƙa ajiye wani abu daga kason kowane wata. Bayan nan mutum ya zaɓa, ko ya bi ta zuwa sabon shafinta da sabuwar sana'arta, ko ya duba cikin sabon zubi ya ɗauki wata mai koyo daga farko. A duba kuma duk rajistar wata-wata da aka yi saboda ita, irin manhajar saƙonnin membobi da kuɗin ƙungiyar masoya, a soke waɗanda ba a buƙata, domin wasunsu suna sabunta kansu su ci gaba da cirar kuɗi daga kati bayan ta tafi.