Kurakuran da aka fi yi wajen saita goge, garaya, kalangu da jita

Sau da yawa idan kiɗa ya ƙi daɗi a wurin biki ko a situdiyo, hannun makaɗan lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne kowa ya koma gefe ya saita abinsa shi kaɗai, ya gamsu, da aka haɗu kuma sai kunne ya ji muryoyi suna karo da juna. Saiti hawa-hawa ne. Akwai kayan kiɗa ya daidaita da kansa, akwai ya daidaita da na kusa da shi, akwai kuma dukansu su daidaita da maƙogwaron mawaƙi da na 'yan amshinsa. Yawancin ɓarnar daga rikita wannan jeri take tasowa.

Kuskuren farko shi ne a bar fiyano na lantarki ya zama jagora, don kawai shi ne mai tsada kuma muryarsa ba ta motsi. A gaskiya fiyano da jita su ya kamata su bi baya, domin su ne ake iya matsar da muryarsu ko da ƙiris ne, cikin daƙiƙa kaɗan. Ka fara da mawaƙi. Ya rera baitin da ya fi hawa sama a waƙar da wanda ya fi sauka ƙasa, 'yan amshi su karɓa. Idan jijiyar wuyansa ta tashi a na saman, ko muryarsa ta shige ciki a na ƙasan, matakin bai yi ba. Bayan shi sai abin busa, algaita ko sarewa, tunda ramukansu a huje suke, ba a matsar da su. Sannan goge da garaya, sannan jita, fiyano a ƙarshe.

Shi fiyano yana da maɓallai biyu da ake yawan rikitawa. Na farko yana ɗaga murya ko sauke ta da rabin mataki cur, wato tazarar sauti ɗaya zuwa na kusa da shi a fiyano. Na biyu, wanda ke ɓoye cikin saitin na'urar, shi ke matsar da ita kaɗan-kaɗan daga 440 Hz (kaɗawa 440 a daƙiƙa), wato ma'aunin sautin A da aka saba bi a duniya. Idan sarewa ta faɗo tsakanin sautuka biyu na fiyano, maɓalli na biyun za ka taɓa. Kuma ka mayar da su sifili da 440 bayan an gama, don rabin rigimar da ake yi a waƙa ta biyu saitin waƙar farko ne aka manta a kai. Haka manhajar saiti ta waya: duba lambar da ke samanta kafin ka fara. Wasu suna mayar da ita 432 saboda surutun da ake yi a intanet cewa ta fi sanyaya zuciya. Ra'ayi riga, amma tazarar 432 da 440 ta kai kusan sent 32, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na rabin mataki (rabin mataki sent 100 ne), kuma ko wanda bai san kiɗa ba zai ji tsamin.

Hanyar kunne ta fi ta ido tabbas idan ana son murya biyu su zama ɗaya. Kaɗa su tare ka saurara. In sun kusa amma ba su haɗu ba, za ka ji sautin yana rawa, wuu-wuu-wuu. Yawan rawar a daƙiƙa ɗaya shi ne bambancin da ke tsakaninsu: 440 da 442 za su ba ka rawa biyu a daƙiƙa. Ka ci gaba da murɗawa a hankali, rawar na raguwa, har ta kwanta. Idan ta ƙara sauri, ka bi hanyar da ba ita ba.

Goge da garaya: fata ce ke mulki

A nan ne aka fi shan wahala, domin jakin da ke ɗauke da tsagiya ko tsirkiya a kan fata yake zaune, fata kuwa tana bin yanayi. Da damina takan sha danshi ta saki, jaki ya nutse, murya ta yi ƙasa ta dushe. Da hunturu takan bushe ta tamke, murya ta hau. Wanda ya saita goge a ɗaki da rana ya fito fili da dare bayan raɓa ta fara sauka, to ya san saitinsa ya tashi aiki. Ka fito da kayan inda za a yi wasan, ka ba su kamar minti ashirin su sha iskar wurin, sannan ka taɓa su.

Gasa fata a bakin wuta tsohuwar dabara ce kuma tana aiki, amma gaggawa ke ɓata ta. Ana kai kumbon dab da garwashi, fata ta tamke nan take, a yi saiti a kan wannan zafin, bayan minti goma ta huce murya ta zube a tsakiyar waƙa. Wani lokaci ma fatar ta tsage ta bakin inda aka kafe ta. Riƙe shi nesa, inda bayan hannunka zai iya jurewa ba tare da ka janye ba, kana juya shi, kana ɗan ƙwanƙwasa fatar da yatsa. Da ka ji ta fara amsawa da ƙarfi, ka janye, ka bari ta huce tukuna.

Wani kuskuren shi ne matsar da jaki don neman murya. Gaskiya ne idan ka tura shi gaba ko baya muryar za ta canza, amma ka canza tsawon tsagiyar da ke kaɗawa, saboda haka duk wuraren da yatsunka suka saba sauka sun gurgusa. Mai goge ba shi da ƙarafa irin na wuyan jita da za su nuna masa wuri, da taɓi da sabo yake aiki. Sai ka ji tsagiya a sake daidai take, amma duk abin da yatsa ya taɓa ya kauce. Yi wa mazaunin jakin alama da fensir a kan fata, ka bar shi nan. Ɗaga murya ko sauke ta a ɗaurin fatar da ke wuya ake yi, ƙaramin gyara kuma da ɗan ƙaho ko ɗan itacen da ake cusawa ƙarƙashin tsagiya ta gindi.

Ita tsagiyar ma sai an duba. Tarin gashin wutsiyar doki ne, kuma in wasu silalan sun fi wasu tamkewa, murya ba za ta fito guda ɗaya ba, sai ta riƙa kirta. Taje su su kwanta a jere kafin ɗauri, ka yanke duk silin da ya tsinke daga tushe, kada ka fizge shi. Ƙaron da ake gogawa a gashin kuma kaɗan ya isa. In ya yi yawa sai kaushi, in ya yi kaɗan ko maiƙon hannu ya taɓa gashin sai santsi, makaɗi ya shiga dannawa da ƙarfi, dannawar kuma ta lanƙwasa muryar.

A garaya da gurmi da molo akwai wani tarko. Tsirkiyoyin duka a kan jaki ɗaya suke, don haka idan ka tamke ɗaya, ta danna jakin cikin fata, sauran su ɗan saki. Zagaye ɗaya ba ya isa. Saita ta farko, saita ta biyu, koma ta farko, ka yi ta yi har su daina jan juna. Idan ɗaurin fatar da ke wuya yana zamewa, ɗan jiƙa shi kaɗan ka sake naɗawa, in ya bushe zai kama sandar. Sabon zaren roba irin na masunta, wanda da yawa ke sawa yanzu, yana kwana biyu zuwa uku yana miƙewa, saboda haka ba a sa shi ranar wasa. Tazarar da ke tsakanin tsirkiyoyin kuwa ta gidan da ka koya ce. Kada ka tilasta mata shiga ramukan manhajar waya, wadda da ma'aunin fiyano aka gina ta. Ɗauki muryar garayar maigidanka a waya lokacin da take daidai, ita ce ma'auninka.

Kalangu ba a kai shi gaban manhajar saiti, allurar tsalle kawai za ta yi ta yi, domin sautin fatar ganga ba ya jeruwa irin na tsirkiya. Abin lura biyu ne. Fuskokin biyu su yi kusa da juna a murya, kuma igiyoyin su tamke daidai ko'ina a kewaye. Ƙwanƙwasa gefen fata wuri-wuri da gula, inda ka ji ya yi ƙasa nan ne igiya ta saki. Masu koyo sun fi son tamke shi ƙam don ya yi zaƙi, sai su rasa muryar ƙasa, hammata ba ta da sauran abin matsawa, kalangun ya kasa magana. Ɗan karɓi, wato ƙaramin kalangu, shi ne ake ɗaurewa a murya ɗaya, uwar kiɗa sai da sarari.

Abin busa akasin wayar jita yake bi. Zafi na sa algaita da sarewa su hau, kimanin sent 3 a kowane digiri ɗaya na ɗumin iskar da ke cikinsu, alhali wayar jita ta ƙarfe sauka take yi in ta ji zafi. Shi ya sa ake rabuwa a tsakiyar wasa ko da an fara daidai. Mai busa ya yi minti biyar yana busawa kafin a ɗauki murya daga wurinsa.

Jita

Kullum daga ƙasa ake hawa zuwa murya. In ka wuce, sassauta sosai ka sake hawowa, in ba haka ba wayar za ta maƙale a tsagin saman wuya, ta zame da ka fara kaɗawa. Idan kana jin ɗan "ƙis" lokacin murɗa kunnen jitar, wato abin da ake naɗa waya a kai, goga bakin fensir a tsagin. Sabuwar waya a yi mata naɗi biyu zuwa uku a kan kunne in mai kauri ce, huɗu zuwa biyar in siririya ce, kowane naɗi ƙarƙashin na baya, sannan a ɗan ja ta da yatsa a sake saitawa har ta daina sauka. Wayoyin ƙarfe shida na jitar katako suna jan wuyanta da nauyin da ya kai kilo 70, don haka nan ma sai an zagaya sau biyu.

In wayoyi a sake suna daidai amma can tsakiyar wuya suna tsami, gwada gaɓa ta 12 cikin gaɓoɓin da ƙarafan wuya suka raba. Ya kamata ta ba da sautin wayar a sake, ninki ɗaya a sama. In ta wuce sama, a ja jakin baya don waya ta ƙara tsawo, in ta gaza a turo shi gaba. Amma kafin ka taɓa jaki, canza tsohuwar waya mai tsatsa, kuma auna tsayin waya daga ƙarfen gaɓa ta 12. In ya wuce milimita 3, dannawar kanta ke miƙe wayar tana ɗaga murya.

Akwai kuma kuskuren masu kunne mai kyau. Mutum ya kama haɗin G, wato sautukan da ake kaɗawa tare a kan G, ya ji wayar B ta ɗan yi tsini, ya sauke ta har haɗin ya yi luf. Da ya koma haɗin E sai abin ya lalace. Kunnensa bai yi ƙarya ba. A ma'aunin da aka gina jita da fiyano a kai, tazarar G zuwa B sent 400 ce, kunne kuwa ya fi natsuwa da 386. Amma idan ka ba haɗin G wannan sent 14, B ɗin ta gaza da kusan sent 16 a haɗin E. An raba tsamin ne kaɗan-kaɗan don kowane haɗi ya yi amfani. Sai dai in waƙar gaba ɗaya a haɗi ɗaya take zaune, nan kam kana iya bin kunnenka.

A situdiyo, idan aka ɗauki goge a ma'aunin ɗaukar sauti na 44,100 a daƙiƙa aka buɗe shi a aikin da ke kan 48,000 ba tare da an juya shi ba, zai ƙara sauri kuma ya hau da kusan sent 147. Ba gyaran murya yake buƙata ba, a sake shigo da fayil ɗin daidai. Manhajar gyaran murya kuma sai an gaya mata matakin waƙar da sautukan da ke cikinta. Karin waƙoƙin Hausa da yawa a kan sautuka biyar yake tafiya, don haka in aka bar mata sha biyun duka a buɗe, za ta riƙa jefa muryar mawaƙi kan sautin da babu shi a waƙar. In kuma aka ƙure saurinta, takan daddatse gangarowar da murya ke yi a kan gaɓa mai faɗuwar sauti, kalma ta fito kamar bakin baƙo. Rufe sautukan da ba a amfani da su, rage saurin har gangarowar ta dawo, layin da ya kauce da fiye da rabin mataki kuma a sa mawaƙi ya sake rera shi.