Kurakuran da aka fi yi game da sunan Lefebvre da yadda za a gyara su

Lefebvre yana cikin sunayen iyali mafi yaɗuwa a arewacin Faransa, musamman yankunan Nord, Fikardi da Normandi, kuma ana samunsa a Beljiyam da lardin Kebek na Kanada. Duk da yaɗuwarsa, kaɗan ne daga baƙin harshen Faransanci suke furta shi daidai, kuma tushen matsalar harafi ɗaya ne tak.

Harafin shi ne "b" da ke tsakiyar sunan, wanda ake rubutawa amma ba a furta shi. Bafaranshe yana cewa "Lefevr", gaɓa biyu kawai, nauyin murya a kan ta biyu, sannan "r" na ƙarshe ya fito daga maƙogwaro a taƙaice. Bahaushe kuwa yana da wahala biyu a nan, domin babu sautin "v" a Hausa, kuma harshensa ba ya son tara baƙaƙe a ƙarshen kalma, saboda haka sai ya cusa wasali ya ce "Lefebure". Abin mamaki shi ne, wannan lafazin ya faɗa kan wani suna dabam da ke akwai, wato Lefébure, wanda ya samu ne saboda a tsohon rubutu ba a bambanta "u" da "v", har masu karatu suka ɗauki ɗaya a madadin ɗaya. Gyaran shi ne a ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, a fitar da sautin "v" da murya, a bi shi da gajeren "r", a tsaya nan ba tare da ƙara wasali ba.

Shi kansa "b" ɗin ado ne na malamai. Asalin kalmar ita ce "faber" ta Latin, wadda ta koma "fevre" a tsohon Faransanci, daga baya marubutan ƙarni na 15 da na 16 suka dawo da "b" don nuna tushen kalmar, alhali bakin jama'a bai canja ba.

Daga nan ma'anar take fitowa, kuma a kanta ma ana tuntuɓe. Wasu suna zaton "Le" alamar sarauta ce, kamar yadda ake danganta "de" da gidajen mulki. Ba haka ba ne. "Le" kalmar fayyacewa ce kawai, kuma sunan gaba ɗaya yana nufin "maƙerin", kamar yadda a ƙasar Hausa sana'a kan zame wa mutum laƙabi har jikoki su gada. Kalmar "fevre" ta bar maganar yau da kullum, "forgeron" ta maye gurbinta, sai dai ta saura a cikin "orfèvre", maƙerin zinariya. A kudancin Faransa tushen nan ne ya ba da Fabre da Faure. Ko François Joseph Lefebvre, wanda Napoleon, sarkin Faransa, ya naɗa sarautar Danzig (birnin Gdansk na Poland a yau) bayan kama birnin a 1807, daga ƙaramin soja ya taso.

Kuskuren rubutu ya fi tsada idan takardun hukuma ne. Lefebvre da Lefèvre lafazinsu ɗaya, amma a doka sunaye biyu ne, kuma na farkon galibi ba ya ɗaukar alama a kan "e". Ba a raba shi gida biyu, a jerin sunaye kuma ƙarƙashin "L" yake. Ba a ƙara masa "s" a jam'i, "les Lefebvre" ake rubutawa, kuma wajen girmamawa "Monsieur Lefebvre" ko "Madame Lefebvre" ake cewa, ba a haɗa laƙabin da sunan yanka kamar yadda muke cewa Malam Musa.

Ɗalibai kuma suna gauraya mutane. Georges Lefebvre, da ya rasu a 1959, masanin tarihin juyin juya halin Faransa ne. Henri Lefebvre masanin falsafa ne da ya yi rubutu a kan birane. Marcel Lefebvre kuwa shi ne babban bishop na Dakar daga 1955 zuwa 1962. Da yake Henri da Marcel duk a 1991 suka rasu, shekarar rasuwa ba ta isa ta raba su, sai an rubuta sunan farko a cike.