Yadda ake mu'amala da katin kasuwanci, katin shaida da katin banki a Koriya ta Kudu

Duk wanda ya yi niyyar zuwa Koriya ta Kudu, ko don karatu ko don sayo motoci a Incheon, zai tarar cewa harkokinsa sun rataya ne a kan kati uku, kuma kowanne yana da ladabinsa da lokacin nemansa.

Matakin farko tun daga gida ake yin sa, wato buga katin kasuwanci, wanda Koriyawa ke kira myeongham. Ka sa Turanci a fuska ɗaya, a ɗayar kuma haruffan Koriya, wato Hangul, in da hali, sannan ka rubuta muƙaminka a sarari, domin Bakoriye ba ya sanin irin kalaman girmamawar da zai yi maka magana da su sai ya san matsayinka. Ka guji jan tawada wajen rubuta suna, saboda a al'adarsu sunan mamaci ne ake rubutawa da ja.

Mataki na biyu shi ne miƙawa da karɓa, kuma a nan ne baƙo ya fi yin kuskure. A tsaye ake yi, da ɗan sunkuyar da kai, kuma yawanci ƙarami ko baƙo ne ke fara miƙa nasa. Ka riƙe katin da hannu biyu, rubutun yana fuskantar mai karɓa; idan a lokaci guda kuke musaya, sai ka miƙa da dama, ka karɓa da hagu, ka yi maza ka haɗa hannu biyu a kan nasa. Wannan ba zai yi wa Bahaushe wuya ba, tunda mun tashi da sanin cewa ba a miƙa wa babba abu da hagu. Abin da muka fi mantawa shi ne karantawa: ka tsaya ka dubi sunan da muƙamin, ka ajiye katin a gabanka a kan tebur har a tashi daga zaman, sannan ka sa shi a ma'ajiyar kati. Kada ka yi rubutu a kansa a gaban mai shi, kada ka lanƙwasa shi, balle ka cusa shi a aljihun baya ka zauna a kai, domin a wurinsu katin yana tsaye ne a madadin mutumin.

Sunan dangi ne ke zuwa farko, kuma da yake kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar Kim ne, muƙami ne ke rarrabe su. Daepyo da sajang shugabannin kamfani ne, bujang shugaban sashe, gwajang yana ƙasa da shi. Ana haɗa sunan dangi da muƙami a ƙara "nim" a ƙarshe, a ce Kim bujang-nim, kamar yadda ba za ka kira Alhaji da gatsal ɗin sunansa ba.

Mataki na uku ya shafi wanda zai wuce kwana 90. Dole ne ya yi rajista a ofishin shige da fice kafin kwanakin su cika, bayan ya kama layi ta shafin intanet na hukumar, wato HiKorea, ya je da fasfo, da hoto, da takardar da ke nuna inda yake zaune. Za a ba shi katin zama, wato katin shaidar baƙo, mai lambobi 13, irin tsarin da 'yan ƙasa ke da shi. Su ana ba su nasu ne a shekara 17, tsarin da aka kafa a 1968 bayan da sojojin Koriya ta Arewa suka kutsa har kusa da fadar shugaban ƙasa a Seoul. Doka ta wajabta wa baƙo yawo da katin ko fasfo, da kai rahoto idan ya sauya gida, kuma gara ka yi hakan cikin mako biyu. Mai tambaya yana iya kiran 1345, layin wayar hukumar shige da fice.

Da katin ya fito sai ka yi rajistar layin waya, sannan asusun banki. A ganina wannan ne wurin da ya fi bukatar kula, domin kusan kowace hidima ta intanet a can tana tantance mutum ne ta layin wayarsa, kuma idan an rubuta Muhammad a kati, Mohammed a banki, ko aka juya jerin sunayen, na'ura za ta ƙi ka. Ka tsaya a gaban ma'aikacin har ka ga ya kwafe harafi bayan harafi. Lambar katin zaman kuwa sirri ce. A 2014 an sace bayanan kimanin mutum miliyan 20 daga kamfanoni uku na katin bashi.

Mataki na ƙarshe shi ne biyan kuɗi. Gwamnati ce ta cusa wa jama'a amfani da kati bayan rikicin tattalin arziki na 1997, ta hanyar rangwamen haraji, har abin ya wuce gona da iri ya haifar da rikicin bashi a 2003, inda miliyoyin mutane suka kasa biya. Saboda haka, da kuma gudun riba, na fi ba sabon zuwa shawarar ya nemi chekeu kadeu, katin da ke cire kuɗi kai tsaye daga asusu. A gidan abinci a kanta ake biya, da hannu biyu ake miƙa katin, kuma ba a ba da tukuici. Wanda ya riƙe katin bashi, idan sayayyarsa ta kai won 50,000 na kuɗin ƙasar, mai kanti na iya tambayarsa ko a raba masa biyan wata-wata, abin da suke kira halbu. Wanda ba ya so sai ya ce ilsibul, wato a cire gaba ɗaya. Don bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa, ka sayi katin T-money a ƙananan kantunan unguwa, ka riƙe 'yan tsabar kuɗi na loda shi.